Tambaya da amsa: zoben roba na matsa hannu, wa zai fara yau wa zai dakata tukuna

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suka taru, wato zoben silikon ɗin nan mai kama da ƙaramar taya da ake sakawa a tafin hannu ana matsawa, wanda yanzu duk inda ka leƙa a intanet sai ka ga tallarsa, wai yana ƙara ƙarfi, wai yana gyara wuyan hannu, wai har hawan jini yana saukarwa. Abu ne mai amfani ba musu, amma aiki ɗaya tak ya iya, rufe hannu da ƙarfi, kuma ba kowane hannu ne matsalarsa rashin rufewa ba. Bismillah.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah inada tambaya. Santsi ne ya kwasheni a banɗaki na dafa ƙasa da hannun dama, akayi hoto akace ƙashin wuyan hannu ya karye, aka samin filasta sati shida, shekaranjiya aka cire. Toh hannun duk ya rame kamar ba nawa ba, ko kofi bana iya ɗauka da kyau, ƙofa ma da hagu nake buɗewa. Ƙanwata ta kawomin zoben nan tace in dinga matsawa sau ɗari kullum zai dawo daidai. Zan iya farawa? Shekarata 52. Nagode.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ki gode wa ƙanwarki amma ki ajiye zoben nan tukuna, lokacinsa bai yi ba. Ramar da kika gani kar ta tayar miki da hankali, duk hannun da ya yi sati shida a ɗaure haka yake fitowa, tsoka ta zube, fata tana saɓa, gaɓa ta ƙage, kuma yana dawowa in sha Allahu. Abinda nakeso ki gane shine cire filasta ba yana nufin ƙashi ya gama haɗewa ya koma yadda yake ba, ya dai kama ne. Irin faɗuwar da kika yi yawanci ƙarshen babban ƙashin sangalin hannu ne yake karyewa, wanda yake ɓangaren babban yatsa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin da yake bi ta wuyan hannu ta kansa yake wucewa. Mutane suna ɗauka matsa zobe aikin yatsu ne kawai, a'a, tsokokin da suke damƙa mafi yawansu a sangali suke, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyinsu ne suke ratsowa su kai ga yatsu, dan haka duk matsawar da kika yi da ƙarfi tana danna ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu guda 8 akan daidai wurin da ya karye. Ki lissafa wannan sau ɗari a rana.

Motsi ne farko, ƙarfi daga baya. A makonnin nan na farko aikinki shine ki lanƙwasa wuyan hannun sama da ƙasa a hankali, ki manna gwiwar hannu a jikinki ki juya tafin ya kalli sama ya kalli ƙasa (wannan juyawar ita ce tafi wuyar dawowa, kuma ita mutane suka fi mantawa), ki taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, ki dunƙule hannu ki buɗe shi gabaɗaya. Idan kika fara tsoma hannun a ruwan ɗumi na 'yan mintuna zai fi saki. In ya kumbura ki ɗaga shi sama da ƙirji. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana yafi ki zauna ki azabtar da kanki sau ɗaya.

Maganar matsawa kuwa sai likitanki ya duba ya ce ƙashi ya haɗe, ko likitan gashin ƙashi ya baki izini, yawanci wajen sati takwas zuwa sha biyu daga ranar karayar, kuma ko a lokacin ba da zobe za ki fara ba, soso mai laushi ko tawul da aka naɗe ya isa. In kin zo kan zobe ki nemi mafi laushi, ki ɗora hannun akan tebur, wuyan hannun a miƙe ko ya ɗan ɗago baya kaɗan, kar ya lanƙwaso ciki, ki matsa ki ƙirga uku zuwa biyar, ki saki a hankali, sau goma, ki huta ki sake goma, shikenan na ranar, gobe ki bar shi ya huta. Ɗan ja ko gajiya ba komai, amma ciwon da ya kwana ya wayi gari dake, ko kumburin da ya ƙaru, alama ce kin wuce gona da iri, ki rage. Kuma ki sa a ranki cewa ƙarfin damƙa yakan ɗauki watanni, wani har shekara kafin ya kamo ɗaya hannun.

Abu biyu kafin in barki. In kika ji hannun yana zafi kamar wuta, ko zane ya taɓa sai kin yi ƙara, launin fatar yana canzawa, yana gumi ko sanyi daban da ɗayan, kar ki jira, ki koma asibiti, akwai ciwon da yake biyo bayan karaya mai irin wannan alamar kuma da wuri ake cin ƙarfinsa. Na biyu, mace mai shekara sama da 50 ta faɗi daga tsaye kawai ƙashi ya karye, ya kamata a auna ƙwarin ƙashinta, saboda bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana rage ƙwari, karayar wuyan hannu kuma sau da yawa ita ce gargaɗin farko kafin ta ƙugu. Ki tambayi likitanki wannan da bakinki, kar ki jira sai ya tuna.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni aikin kwamfuta nake wuni guda, kwana biyun nan cikin dare sai in farka hannuna ya sage, babban yatsa da manuni da na tsakiya kamar ana tsira min allura, sai na yarfe hannun kafin ya saki. Abubuwa har suɓucewa suke daga hannuna. Na sayi zoben nan dan naga kamar rashin ƙarfi ne, amma wlh tunda na fara abin kamar ƙaruwa yake.

Amsa: Ɗan uwa ba kamar bane, ƙaruwa yake, ka daina yau. Yadda ka lissafa yatsun nan uku ka bar ƙaramin yatsa, da farkawar dare, da yarfe hannu, duk suna nuna matsewar jijiyar da take bi ta tsakiyar wuyan hannu. Akwai wata 'yar siririyar hanya a wurin, ƙashi ta ƙasa da gefe, tantani mai tauri ta sama, jijiyoyin lanƙwasa yatsu guda tara ne suke bi ta ciki tare da jijiyar ji guda ɗaya wadda take kai saƙo ga babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami. Wurin ba ya buɗewa, dan haka da zarar wani abu ya kumbura a ciki jijiyar ji ce take shan matsa, kai kuma duk matsa zoben da kayi kana ƙara cunkoso a wannan hanyar. Suɓucewar kaya ba lallai rashin ƙarfi bane, sau da yawa yatsun ne basa jin abinda suka riƙe sosai.

Abinda yafi taimakawa a farko shine abin ɗaure wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki da zaka kwana dashi, saboda mutum in yayi barci yakan naɗe hannu ya lanƙwasa shi, shi yasa dare yafi tsanani. A wurin aiki ka gyara zama yadda wuyan hannu zai miƙe, kar ka jingina shi a bakin tebur, ka dinga tashi kana sakin hannu. Sannan kaje a duba ka, a auna maka suga da aikin ƙwayar maƙogwaro (thyroid), dan ciwon suga da raunin aikin ƙwayar maƙogwaro suna cikin abubuwan da suke jawo shi, mata kuma juna biyu yana kawo musu. In ka lura naman gindin babban yatsa ya fara lotsawa ko sagewar ta daina tafiya ko da rana, wannan ya wuce maganar motsa jiki, kar ka ɓata lokaci, jijiyar da ta daɗe a matse ba kullum take dawowa duka ba.

Tambaya: Sir na faɗi a wajen ƙwallo sati uku da suka wuce akan tafin hannu, anyi hoto a ranar akace ba karaya targaɗe ne. Har yanzu gindin babban yatsa yana min ciwo in na murɗa abu. Ina matsa zobe dan ya warware, ya kake gani?

Amsa: Ƙanina ka ajiye zoben ka koma a sake hoto, wannan ba shawara bace ta in ka ga dama. Ka miƙe babban yatsanka baya zaka ga wani ɗan rami a gindinsa wajen wuyan hannu, in ka danna nan ka ji zafi toh akwai wani ƙaramin ƙashi a ƙarƙashin wurin da ya shahara da ɓoye karayarsa, hoton ranar farko sai ya nuna lafiya lau, sai bayan kwana 10 zuwa 14 layin karayar ya fito, wani lokacin ma sai da sikanin. Matsalarsa jini baya isarsa sosai, ta gefe ɗaya yake shiga, in aka bar shi ana motsawa zai iya ƙin haɗewa, wani ɓangarensa ya mutu, bayan shekaru saurayi mai ƙarfi ya dawo da ciwon gaɓa na dindindin. Kuma samari masu wasa irinka yafi kamawa. In an sake dubawa an ce lafiya, alhamdulillah baka yi asarar komai ba.

Tambaya: Malam ni lafiyata ƙalau, kawai inaso hannuna yayi ƙarfi, ina ɗaga ƙarfe amma riƙona ne yake fara gajiya kafin jikina. Wanne zan saya, naga wani an rubuta 30 wani 50 wani 70, kuma sau nawa zanyi a rana?

Amsa: Yawwa, kai ne aka yi zoben dominka. Lambar da kake gani yawanci laba ce, laba ɗaya bata kai rabin kilo ba, wato 30 wajen kilo 13 da rabi, 50 wajen kilo 22 da ɗoriya. Amma kar ka ɗauki lambar nan kamar an auna ta da ma'aunin gaske, kowane kamfani da nasa, launi ma haka, jan wannan kamfanin zai iya zama mafi laushi na wancan kuma mafi tauri. Gwajin da yafi shine na hannunka, zoben da zaka iya matsewa har gefe ya kusa taɓa gefe sau goma zuwa sha biyar, na ƙarshen da ƙyar, ba tare da ka murɗe wuyan hannu ko ka ɗage kafaɗa ba, shine naka. In kana yin talatin kana hira ya yi maka laushi, in ko biyar baka iya yi sai ka cije baki ya fi ƙarfinka.

Zagaye biyu ko uku, kwana uku a sati ya isa. Na san abin yana da daɗin matsawa, yana aljihu, kana kallo kana matsawa kana waya kana matsawa, toh nan ake samun matsala, tsoka tana saurin ƙarfi amma jijiyar da take haɗa ta da ƙashi a hankali take bi, sai ka wayi gari da ciwo a gwiwar hannu ta ciki, ko yatsa ya fara maƙalewa in ka dunƙule sai ka ɓalle shi da ɗaya hannun. Ka canza salo kuma, wani lokaci ka matsa ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, wani lokaci da kan yatsu da babban yatsa kawai, ka kula ƙaramin yatsa da na kusa dashi suna aiki dan suna da kaso mai yawa a ƙarfin damƙa amma sai ka ga mutum ya bar su suna lilo.

Sai abinda kusan kowa yake tsallakewa, tsokokin buɗe hannu da suke bayan sangali. Su ne suke riƙe wuyan hannu ya tsaya a ɗan ɗage lokacin da kake damƙa, gwada ka lanƙwasa wuyan hannunka ciki sosai ka dunƙule ka ji yadda ƙarfin yake guduwa. Zobe baya horar dasu yadda ya kamata. Ka samu robar ɗaure kaya siririya ka zagaye kan yatsunka biyar ka dinga buɗewa, sau sha biyar zuwa ashirin duk ranar da ka matsa zobe. Kuma tunda matsalarka riƙon ƙarfe ce, gaskiya rataya a sandar ƙarfe da ɗaukar abu mai nauyi a hannu biyu kana tafiya dashi sun fi zobe kusa da abinda kake nema, zoben ƙari ne. In ya yi datti ruwa da sabulu, in ya fara tsagewa ka yar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu kenan, hannun hagu ya dunƙule baya buɗewa sai an buɗe masa. 'Yan dubiya kowa cewa yake a bashi ƙwallo ko zoben roba ya dinga matsawa. Mu saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya bai wa Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri, jinya irin wannan sai mai haƙuri. Ki duba abinda kika rubuta da kanki 'yar uwa, hannun a dunƙule yake, buɗewa ce ta gagara. Bayan shanyewar jiki tsokokin rufe hannu sukan ɗaure su rinjayi na buɗewa, saboda saƙon da yake zuwa daga ƙwaƙwalwa ne ya samu matsala ba tsokar kanta ba, toh in kuka bashi abin matsawa wuni guda kuna ƙara horar da ɓangaren da dama ya fi ƙarfi ne, abinda Baba yake buƙata ya koya kuma, wato sakin abu bayan ya kama, ba'a taɓa shi ba. Akwai masu shanyewar da hannunsu yake sake ba ɗauri, su likitan gashi zai iya basu abin matsawa a cikin tsarin atisaye, amma shi zai yanke wannan bayan ya taɓa hannun.

Abinda zaku iya a gida, ku dinga buɗe masa yatsun a hankali kuna miƙewa ba fizga, ku fara da babban yatsa sauran sukan biyo, ku wanke cikin tafin ku busar ku yanke farce dan kar ya ji masa rauni, ku ɗora hannun akan filo in yana zaune kar ya dinga reto, kuma dan Allah kar a ja shi ta wannan hannun in za'a tayar dashi, kafaɗar tana saurin gocewa. Ku sa hannun cikin harkar yau da kullum ko da ɗayan ne yake taimaka masa, ya dafe kofi, ya goge tebur, ya kama ya saki, maimaitawa ce take koya wa ƙwaƙwalwa sabuwar hanya. Watannin farko ne aka fi samun ci gaba da sauri, kar ku bari su wuce baku ga likitan gashi ba.

Tambaya: Malam wai da gaske ne matsa zobe yana sauke hawan jini kuma mai ƙarfin hannu yafi tsawon rai? Inada hawan jini ina shan magani, shekarata 60.

Amsa: Alhaji akwai gaskiya a ciki amma masu talla sun ja ta har ta tsinke. A 2015 mujallar Lancet ta buga wani babban bincike da aka bi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin binciken. Ma'anarsa ƙarfin hannu yana nuna halin da sauran jiki yake ciki, shi yasa likitocin tsofaffi a Turai suke ɗaukar ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da kilo 16 ga mace a matsayin alamar tsoka ta fara zubewa. Binciken bai ce wanda ya zauna a kujera yana matsa roba zai ƙara kwana ba, ƙafa da zuciya da huhu suna nan suna jiran nasu motsin.

Maganar hawan jini kuwa an gwada, kuma an ga yana ɗan sauka ga masu yin abin a tsare na makonni, amma salon daban ne da wanda mutane suke yi. Ba matsa-saki matsa-saki bane, matsawa ake da kusan kashi 30 cikin 100 na iya ƙarfinka, wato sassauƙar matsa, a riƙe minti biyu, a huta, a yi haka sau huɗu ana canza hannu, kwana uku a sati. Masu binciken da na'urar auna damƙa suke yi wadda take nuna lamba, da zobe kintace kawai zaka yi, dan haka ka ɗauki mai laushi sosai. Babban abin kiyayewa shine numfashi, kar ka riƙe shi, dan a lokacin da kake matsawar jini hawa yake, in ka haɗa da ɗauke numfashi sai ya ƙara tashi. In awonka yana sama sosai bai daidaita ba, ko kana da ciwon zuciya, ko suga ya taɓa maka ido, sai ka tambayi likitanka kafin ka fara. Maganinka kuma ka ci gaba da sha yadda aka rubuta maka, ka dinga rubuta awonka safe da yamma a takarda ka kai masa, in akwai ragin da za'a yi shi zai yi.